Taron likitoci a Dublin: abin da baƙuwa za ta tarar da abin da ya dace ta dawo da shi

Tambaya: "Assalamu alaikum Dakta. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a wani asibitin koyarwa a Arewa. Na aika taƙaitaccen bayanin binciken da muka yi a kan zubar jini bayan haihuwa zuwa wani taro da za a yi a Dublin, kuma sun karɓe shi a matsayin fosta, wato bayanin bincike da ake bugawa a babbar takarda a kafe a zauren taro. In ban da Umra, ban taɓa fita waje ba. An ce mini kin taɓa halartar irin wannan taro a can. Yaya kika ga mutanen da taron nasu a karon farko? Ina tsoron kada a raina aikinmu, sannan kuɗin tafiyar na da yawa, har ina tunanin ko ta cancanci wahalar."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, barka da wannan nasara, Allah ya sa albarka a cikin aikin. Idan na fahimce ki, kina son sanin halin mutanen Ailan, ƙasar da Dublin ke babban birninta, ga baƙon da ya zo musu taro, amma abin da ya fi damun ki shi ne ko aikin da aka yi a asibiti irin namu zai sami masu saurare a can, kuma ko abin da za ki samo zai kai abin da za ki kashe. Zan amsa miki daga abin da na gani a taron likitocin mata da na halarta a Dublin da kuma ziyarar da aka kai mu asibitocin haihuwa na birnin. Sai dai ki riƙe a ranki cewa kallon baƙuwa ne, kuma mai zuwa taro yakan ga gari ne cikin kayan sallarsa. Likitan da ya shekara yana kwana a asibitocinsu zai gaya miki abubuwan da ɗan taro ba ya gani, kuma taron likitocin zuciya ko na yara ba lalle ya yi kama da namu ta kowace fuska ba.

Kafin ki sayi tikiti

Abu na farko shi ne ki tabbatar da waɗanda suka shirya taron. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kama ɗaki a otal a wani babban birnin Turai, su karɓi duk takardar da aka aiko musu, su karɓi kuɗin rajista, ki je ki tarar da 'yan mutane kaɗan daga fannoni barkatai. Idan wata ƙungiyar likitoci da manyanki suka sani ce ta kira taron, ko ɗaya daga kwalejojin likitocin ƙasar, ko wata jami'a, to hankalinki ya kwanta.

Na biyu kuma biza. Tsibirin Ailan ya kasu biyu: Jamhuriyar Ailan mai hedikwata a Dublin, wadda ke amfani da kuɗin Yuro, da Ailan ta Arewa mai hedikwata a Belfast, wadda ke cikin Birtaniya kuma take amfani da fam. Jamhuriyar tana cikin Tarayyar Turai tun 1973, amma ba ta cikin yankin Schengen, saboda haka bizar da za ta shigar da ke Faransa ko Jamus ba za ta shigar da ke Dublin ba, haka ma bizar Birtaniya ba ta wadatar da ɗan Najeriya. Bizar Ailan ta gajeren zama za ki nema, wadda ke da rukuni na musamman na masu zuwa taro. Ana cike takardar a intanet, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Za su so ganin wasiƙar gayyata ko shaidar rajista, da wasiƙar asibitinki mai nuna an ba ki izini kuma aikinki na jiran ki, da bayanan asusunki na banki na wata shida. Idan wata ƙasa ta taɓa hana ki biza, ki faɗa, domin ɓoyewar ta fi hanin illa. Ki nema da wuri, kuma kada ki biya kuɗin jirgi kafin amsa ta fito. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Dublin. Bi ta Istanbul ko Doha ya fi sauƙi, domin yada zango a Landan yana da nasa sharuɗɗan. Ƙa'idojin nan suna sauyawa, don haka shafin ofishin jakadancin ne abin dogaronki, ba maganata ba. Sannan idan abokan taro suka shirya yawon buɗe ido zuwa Belfast, ki sani cewa rashin shinge a kan iyakar bai sa bizarki ta halatta miki tsallakawa ba.

Mutanen da za ki tarar

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyin muƙami a bakinsu. Farfesan da kika karanta sunansa a littafi zai gabatar miki da kansa da sunan yanka kawai, ya ɗauki kofin shayinsa da kansa, ya bi layi a bayan ɗalibansa. Mu da muka tashi ana rusunawa a gaida babban likita, ba a kiran sunansa sai da laƙabi, wannan yana iya ruɗa mu ta hanya biyu: ko dai mu ɗauka mutumin ba shi da muhimmanci, ko kuma mu zaci babu tsarin girma a tsakaninsu. Duka biyun kuskure ne. Girman yana nan daram, kuma ƙananan likitocinsu sun san wanda ke rattaba hannu a kan makomarsu, ba a dai nuna shi a gaisuwa ne. Ni na ci gaba da kiran manyansu da Farfesa ko Dakta har sai da mutum ya ce in bari, kuma ban ga wanda ya ji haushin hakan ba.

Mutane ne masu son hira da barkwanci, kuma suna yawan zolayar juna, har a kan mimbari. Mai gabatar da babban baƙo zai iya tsokanar sa kafin ya miƙa masa abin magana, zauren ya yi dariya, sannan a shiga batu mai nauyi ba tare da an rage masa komai ba. A fahimtata dalilin bai rasa nasaba da ƙanƙantar ƙasar, wadda ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan biyar, ga shi likitocin fanni ɗaya kusan duk sun san juna tun daga makaranta. Akwai kuma tarihi. Sun daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila kafin su sami 'yancin kai a 1922, kuma yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu kamar haka zuwa ƙetare. Al'ummar da ta ga irin wannan ba ta cika ƙaunar mai ɗaga kai ba. Saboda wannan tarihin ne kuma zan gargaɗe ki kada ki kira su 'yan Ingila ko 'yan Birtaniya, ko da a cikin yabo ne.

Suna da kawaici mai kama da namu, kuma nan ne baƙo yake yawan yin kuskuren fahimta. Ba kasafai ɗan Ailan zai ce miki bai yarda da maganarki ba kai tsaye, sai ya yaba, sannan ya sako shakkarsa a cikin tambaya mai laushi. Haka nan idan ya ce lalle ya kamata ku yi aiki tare wata rana, sau da yawa kyakkyawar sallama ce, ba alkawari ba. Alkawarin gaske shi ne wanda ya zo da adireshin imel da takamaiman abin da za a aiko. Maganarsu tana da sauri, harshen mutanen yankunan Cork da Kerry kuma ya fi na Dublin wuyar kamawa, amma ba sa jin komai idan kika nemi a maimaita. Da yawa daga cikin dattawansu, da zarar sun ji Najeriya, za su ba ki labarin wata gwaggo ko wani kawu da ya yi aikin mishan a ƙasar. Ba ƙirƙira suke yi ba: ƙungiyar 'yan mishan mata masu aikin asibiti da Mary Martin ta kafa a 1937 a Najeriya aka kafa ta, kuma Dakta Ann Ward, 'yar Ailan, ta shafe shekaru masu yawa tana gyaran yoyon fitsari a Akwa Ibom. Galibin abin da suka sani na Kudu ne, don haka ki shirya bayyana musu inda Kano ko Sakkwato take da yadda rayuwar matanmu take.

A cikin zauren taro

Lokaci ba ya da sassauci. Idan an ba mai magana minti takwas, a minti na takwas shugaban zama zai miƙe, ko da babba ne ke magana. Babu doguwar gaisuwar manyan baƙi, babu jiran wani mai muƙami kafin a buɗe. Wannan kowa zai gaya miki. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne yadda suke tsayawa a gaban baƙi su karanta alƙaluman gazawarsu.

Dublin tana da manyan asibitocin haihuwa uku: Rotunda, wanda Bartholomew Mosse ya kafa a 1745 kuma yake aiki har yau ba yankewa, da Coombe, da Asibitin Haihuwa na Ƙasa da ke titin Holles. Kowannensu likita ɗaya ke shugabantarsa na wa'adin shekara bakwai, kuma kowace shekara asibitin yana fitar da rahoton da ya ƙunshi yawan haihuwa, da yawan tiyata, da jariran da suka rasu da dalilin rasuwarsu, da matan da suka kusa rasa rai, a ajiye shi gaban sauran likitoci su yi masa tambayoyi. Tsohuwar al'ada ce, kuma ita ta haifar da abubuwan da muke karantawa a littattafanmu. A titin Holles ne Kieran O'Driscoll ya tsara hanyar kula da naƙudar mai cikin fari a shekarun 1960, kuma Michael Robson, wanda ya fitar da tsarin kasa masu haihuwa rukuni goma a 2001, a wannan asibitin ya yi aiki har ya shugabance shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin nasa a 2015 a matsayin ma'aunin kwatanta yawan tiyatar ciro jariri tsakanin asibitoci.

Na daɗe a kan wannan tsari ne domin shi ne misalin abin da ya cancanci a ɗauko. Ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Tambayoyi ne da kowace ungozoma take da amsarsu: haihuwar fari ce ko ta taɓa haihuwa, an taɓa yi mata tiyata, naƙudar da kanta ta zo ko tayar da ita aka yi, cikin ya kai wata tara, da kai jaririn ya zo ko da ƙafa ko a gicciye, ɗaya ne ko tagwaye. Da waɗannan kowace mace za ta faɗa rukuni ɗaya tak. Bayan na dawo mun ƙara layi ɗaya a rajistar ɗakin haihuwa, muna rubuta lambar rukunin kowace mace, kuma a taron bitarmu na wata-wata muhawara ta tashi daga cewa tiyata ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta koma kan wane rukuni ne ke kawo ta da kuma ko akwai abin da za mu gyara a cikinsa.

Wannan buɗaɗɗiyar magana ba haka kawai suka same ta ba, da ciwo suka koye ta, kuma za ki ji suna ambaton ciwon da kansu. A watan Oktoban 2012 Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya, ta rasu a Galway bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta tana cikin ɓari a mako na 17. Rasuwarta ta girgiza ƙasar, tana kuma cikin abubuwan da suka kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 2018 da ta sauya dokarsu ta zubar da ciki. Ba don mu yi muhawarar dokarsu na kawo zancen ba, wannan lamarinsu ne, mu ma muna da namu addinin da dokokin. Abin da ya shafe mu shi ne binciken ya nuna an ga alamomin taɓarɓarewa a jikinta amma ba a haɗa su wuri ɗaya an ɗauki mataki da wuri ba, kuma a 2013 suka shimfiɗa takardar lura iri ɗaya a duk asibitocin haihuwa na ƙasar, wadda ke tilasta kiran babban likita idan zafin jiki, bugun zuciya, numfashi ko hawan jini suka ƙetare wani mizani. A 2018 kuma ta bayyana cewa bitar gwajin baya na sama da mata 200 masu sankarar bakin mahaifa ta nuna an karanta shi ba daidai ba, kuma yawancinsu ba a sanar da su ba, abin da ya taimaka wajen samar da dokar 2023 mai wajabta wa asibiti gaya wa majinyaci ko iyalinsa idan wani babban kuskure ya auku. Ina zaune ina sauraron wannan, raina yana kan tarurrukanmu na bitar mutuwar mata masu juna biyu, inda sau da yawa tsoron a ɗora wa ƙaramin likita ko ungozoma laifi yake sa kowa ya yi shiru, a rufe fayil da cewa an kawo ta a makare.

Batun fostarki

Tsoron raini da kike ji kusan kowa yana jin sa, amma ki duba lamarin da idon basira. A Ailan matan da ke mutuwa sanadiyyar ciki da haihuwa ba su kai 10 a cikin kowace haihuwa 100,000 ba, alhali binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya ba da 512. Wannan abin baƙin ciki ne, amma yana nufin abin da likitansu zai gani jefi-jefi, kamar fashewar mahaifa, ko jijjiga, ko macen da ta iso jininta ya kusa ƙarewa, ke kina ganin sa a kiran dare na yau da kullum. Masu hankali a cikinsu sun san haka, kuma su ne za su tsaya a gaban fostarki. Ki tuna kuma cewa a fannin da kika yi bincike, ilimin da duniya ke aiki da shi yanzu daga asibitoci irin namu ya fito. Gwajin WOMAN na 2017, wanda ya nuna amfanin maganin tranexamic acid wajen rage mutuwa daga zubar jini, ya ɗauki mata masu yawa daga Najeriya. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023 an yi shi ne a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, kuma ya nuna cewa auna jini da leda mai ma'auni tare da ɗaukar matakan tsayar da jini gaba ɗaya a lokaci guda ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin ɗari.

Abin da ke jawo raini ba talaucin asibiti ba ne, sakaci da alƙaluma ne. Tambayoyin da za a yi miki sanannu ne: ta yaya kuka auna jinin, da ido ko da ma'auni, fayiloli nawa suka ɓace kuma me kuka yi da su, matan da aka turo daga wasu asibitoci kun ware su daga waɗanda suka yi awo a wajenku, wane kwamiti ne ya ba da izinin binciken. Idan da ido aka ƙiyasta jinin, ki faɗa a fili a kan fostar kafin a tambaye ki, ki kuma ce kin san ƙiyasin ido yana rage adadi. A irin wannan zaure wanda ya bayyana raunin aikinsa da kansa yana samun amincewa fiye da wanda aka tono masa. Ki shirya bayanin minti biyu da za ki iya yi ba tare da duba takarda ba, ki tsaya a gefen fostar a lokacin da aka ware, ko da mutum biyu ne suka zo. Kada ki sa hoton majinyaciya da za a iya gane ta, kuma kada ki gabatar da matanmu a matsayin abin tausayi don jan hankali. Ki bayyana nisan hanya, da kuɗin ƙarin jini, da jiran izinin maigida, a matsayin dalilan da ake iya aunawa a kuma magance. Ki duba girman allon da suka ƙayyade, ki buga fostar a gida, a kan yadi idan zai yiwu, domin ya naɗu a cikin akwati.

Ba duk abin da kika ji za ki ɗauko ba. Tsarin O'Driscoll, alal misali, an gina shi ne a kan mai cikin fari mai jariri ɗaya da ya zo da kai, da ungozoma ɗaya a gefenta tun daga farko har ƙarshe, da ɗakin tiyata a kusa. Wanda ya ɗauko ruwan naƙuda kaɗai daga cikin tsarin ya ɗaura wa mace mai haihuwa ta takwas, a ɗakin da ungozoma ɗaya ke kula da mata da yawa, fashewar mahaifa yake gayyata. Damuwarsu ma ta sha bamban da tamu: tiyatar ciro jariri a wajensu ta haura kashi ɗaya cikin uku na haihuwa, suna neman rage ta, mu kuwa binciken 2018 ya nuna ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba, matanmu na mutuwa saboda rashin samun ta. Akwai kuma batun da ya kamata ki taɓa da hankali, wato tsaga guringuntsin ƙashin mara don faɗaɗa hanyar haihuwa. Wasu littattafai suna ambaton sa a matsayin mafita inda babu halin tiyata, amma a Ailan an yi wa kimanin mata 1,500 wannan aiki tsakanin shekarun 1940 da 1980, da yawa ba da saninsu ba, har gwamnati ta kafa shirin biyan su diyya a 2014. Sannan kada ƙyallin zauren ya sa ki zaci ba su da matsala: ƙungiyar ma'aikatan jinyarsu kullum tana fitar da adadin majinyatan da suka kwana a kan gadon turawa suna jiran gado.

Salla, abinci da zirga-zirga

Dublin tana can arewa sosai, don haka lokutan salla za su ba ki mamaki. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ta kuma fito kafin biyar na asuba, a Disamba kuwa Magariba na yi da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, har Azahar da La'asar da Magariba su faɗo a cikin zaman rana ɗaya. Ki tambayi masu rajista ko an ware ɗakin ibada. Alƙibla tana gabas maso kudu. Akwai masallaci a titin South Circular, kuma a kewayensa akwai shagunan naman halal. Ki rubuta a takardar rajista cewa kifi ko ganye kike ci. A karin kumallon otal ki yi hattara, domin yawancin naman da ke kan teburin na alade ne, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, kuma wasu kayan zaƙi ana sa musu giya. Da yamma hirar taro takan koma mashaya, domin nan ne dandalinsu. Ni ban bi su can ba, sai na mayar da hankali ga hutun shan shayi da abincin rana, inda na nemi waɗanda nake son gani na ce su ba ni minti goma, kuma ba wanda ya ƙi. Idan namiji ya miƙo hannu kuma ba kya musabaha, ki ɗora hannu a ƙirji da fara'a ki gaishe shi, yawancinsu sun saba, domin asibitocinsu cike suke da Musulmi. Hijabi bai jawo mini wata matsala a taro ba. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba cewa ƙyamar baƙi ta ƙaru a 'yan shekarun nan, har aka yi tarzoma a tsakiyar Dublin a watan Nuwamban 2023, don haka ki guji yawo ke kaɗai da dare. Ki tafi da rigar ruwa da takalmi rufaffe ko da bazararsu ce, ki sayi katin Leap na shiga bas da jirgin cikin gari, ki kuma tuna motoci ta hagu suke bi idan za ki tsallaka titi. Idan kin sami sa'a biyu, ki je ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke harabar fadar Dublin, shiga kyauta ne, kuma cikin abin da suka mallaka akwai Alƙur'anin da shahararren gwanin rubutu Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira.

Ko tafiyar ta cancanta

Masauki ne zai fi cin kuɗinki, domin Dublin na fama da ƙarancin gidaje kuma otal na da tsada. A lokacin hutun bazara jami'o'i irin su Trinity suna ba da hayar ɗakunan ɗalibai ga baƙi. Ki rubuta wa masu taron ki tambayi rangwamen masu neman ƙwarewa da na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin tafiya idan akwai, domin da yawa ba sa samu ne kawai saboda ba su tambaya ba. Idan kina cikin ma'aikatan jami'a, TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, tana da tallafin halartar taro. Ra'ayina shi ne idan sai kin ci bashi mai nauyi ko kin taɓa kuɗin jarrabawarki, ki tambaya ko za a karɓi fostar ta intanet, ki mayar da ƙarfinki ga wallafa binciken a mujalla, domin takarda ta fi fosta daɗewa. Idan kuwa tallafi ya ɗauke miki rabi ko fiye, ki tafi.

Akwai wani abu da za ki gamu da shi wanda ba ki tambaya ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na likitocin da ke aiki a Ailan a waje suka yi karatu, da yawa daga Pakistan da Sudan, akwai kuma 'yan Najeriya, yayin da 'ya'yan ƙasar da dama ke tafiya Ostireliya. Za ki haɗu da su, wani kuma zai ce miki me kike jira. Ba zan yanke miki hukunci a kan wannan ba, kowa ya san nauyin da ke kansa. Amma ki tambaye su ko kujerar da suke kai tana kaiwa ga zama babban likita, domin da yawa daga cikin baƙin suna riƙe da guraben da ba na horarwa ba ne, suna sabunta kwantiragi suna ƙaura daga wannan gari zuwa wancan shekara da shekaru. Bizar taro ba ta ba ki izinin aiki ko taɓa majinyaci ba, aiki sai da rajistar Majalisar Likitocin Ailan, kuma duk wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana ƙuntata wa na bayansa ne.

Tun kafin ki tashi ki duba jadawalin taron, ki fitar da sunayen mutum uku ko huɗu da aikinsu ya shafi zubar jini, ki aika musu gajeren saƙo cewa za ki zo kuma ga lambar fostarki. Idan kin dawo, ki rubuta musu a cikin makon farko tun ba su manta fuskarki ba, ki haɗa da abin da kuka ce za a aiko. Sannan ki nemi shugaban sashenku ya ba ki rabin sa'a a taron safe, ki gayyaci manyan ungozomomi da mai kula da rajistar ɗakin haihuwa, ki kawo shawarar gyara guda ɗaya da za a iya farawa da kayan da ke hannu, ko ledar auna jini ce ko layin rukunin Robson, tare da ranar da za a zauna a duba abin da alƙaluman suka nuna. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.